Abdulgaffar Mai Makullin Kwamfuta

Duk wanda ya san Malam Abdulgaffar tun yana yaro a Zakka zai gaya maka cewa ba a kan kwamfuta ya fara kulle-kulle ba. Shi ake ba ajiyar makullin ɗakin hatsi a gidansu, domin shi ne yaron da ko uwarsa ce ta ce ya buɗe ta ɗebi gero, sai ya tsaya ya tambaye ta ko Baba ya san da maganar. Manya suka yi ta sa masa albarka, wai yaron nan akwai riƙon amana. Ba wanda ya lura cewa ba amanar ce ke yi masa daɗi ba. Abin da ke yi masa daɗi shi ne babba ya tsaya a gabansa da ƙwarya a hannu yana jira.

Ya yi karatu daidai gwargwado, ya samu takardar malanta, aka tura shi wata sakandaren jeka-ka-dawo a Batsari yana koyar da labarin ƙasa. Shekara da shekaru yana nan, ba wanda ya san da zamansa. In ya shiga ofishin malamai da safe, shi ke bin kowa da gaisuwa. Zai fara da Malam Salmanu, dattijon da ke koyar da Larabci, ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, ya tambayi kwana, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, sannan ya gangaro kan sauran. Har wanda ya girme shi da wata guda sai ya karɓi rabonsa. Ba shi da babur, ba shi da muƙami, ko tsayuwa a bakin ƙofa ana kama 'yan latti ba a taɓa ba shi ba. Abin yana cin ransa, amma ya iya haɗiyewa.

Matarsa Uwani 'yar Karare ce, mai sana'ar ƙuli-ƙuli, bakinta kuma ba ya ajiya. Da Zakka ta ƙi zaunuwa saboda 'yan bindiga, ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna, ya dawo da ita gidan hayarsu na bayan kasuwa. 'Yarsu ta fari ita ce Rahma, a makarantar da yake koyarwa take karatu. Kowa dai ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu: ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi, ba ka nuna wa duniya ka damu da shi. Mutanen yanzu da yawa sun sassauta. Abdulgaffar kuwa ya ɗauki abin da zafi kamar shi kaɗai aka bar wa gadinsa. “Waccan” yake ce mata, in ransa fari ne ya ce “yarinyar nan”. In yana son ruwa Uwani zai gaya wa, ko da Rahma ce zaune a gindin randa.

Amma yana sonta, wannan kam ba za a yi masa ƙarya ba. Yarinyar kai gare ta, tun ajin farko ba ta taɓa sauka daga sahun gaba ba, kuma burinta ta karanta aikin jinya. In malamai na yabonta a ofis, sai ya ɗaure fuska ya kama duba taswira, alhali ƙirjinsa kamar ya fashe don daɗi.

Ana cikin shekarun nan da manomi ke sallama da iyalinsa kafin ya tafi gona, wata ƙungiyar agaji ta kawo wa makarantar kwamfuta guda ɗaya, da firinta, da farantin sola da batirinsa. Suka ce a turo malami ɗaya Katsina ya koyi kula da ita. Hanyar Katsina a lokacin sai da addu'a ake binta. Nan take manyan malamai suka tuna cewa ya kamata a riƙa ba na ƙasa dama. Shugaban makaranta, Malam Haliru, ya duba ya duba, ya ga ba wanda rashinsa zai fi sauƙin jurewa kamar Abdulgaffar, ya ce ai shi ya fi kowa cancanta.

A Katsina an koya musu abubuwa da yawa, amma ɗaya ne ya zauna masa. Mai koyarwar ya nuna musu cewa kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, ana iya buɗe wa kowane rukuni akawun ɗinsa, mai kula da ita kuma ya zaɓi manhajar da kowa zai iya buɗewa da wadda ba zai iya ba. Mutumin ya faɗi haka ne don kada yara su shagala da wasa, kada kuma a kwaso mata cuta. Abdulgaffar bai ji wannan ɓangaren ba. Shi dai ya ga an danna wani wuri, an rubuta kalmar sirri, manhaja ta ƙi buɗuwa, sai ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ashe akwai ɗakin hatsin da ba ya bukatar ƙofa.

Ya dawo ya tarar malamai sun riga sun saba da na'urar. Malam Salmanu, da gemunsa fari fat, ya gano wasan kati a ciki, yana yi yana istigfari. Malama Zulaihat, mai koyar da ilimin halittu, tana nuna wa ɗalibanta hoton zuciya tana bugawa. Wasu na tura wa'azi a mimori, wasu na tura abin da ba wa'azi ba. Abdulgaffar ya tsaya a bakin ƙofa ya girgiza kai kamar wanda ya tarar da awaki a gonarsa.

Kafin mako ya zagayo ya gama aikinsa. Ya buɗe babban akawun nasa shi kaɗai. Ya buɗe na malamai, ya bar musu wurin buga rubutu, shi ma ba kullum ba. Wasan kati ya kulle, wurin kallon bidiyo ya kulle, wurin duba hotuna ya kulle, firinta sai da izini. Shugaban makaranta ya samu akawun na alfarma, kowace manhaja da tambarinta reras a fuskar kwamfutar, amma duk wadda ya danna sai wani ɗan akwati ya ɓullo da Turanci yana cewa a nemi izinin mai kula. Na ɗalibai kuwa, abin lissafi kawai ya bar musu da agogo, waɗanda ko tsohuwar wayar Inna tana da su. Ba a jima ba kowa ya fahimci fassarar ɗan akwatin nan, har masu ƙarancin Turanci. Ma'anarsa dai: je ka gai da Abdulgaffar.

Sai kuma lokaci ya taimake shi. Aka katse layin waya a yankin baki ɗaya saboda tsaro, masu cajin waya a kasuwa suka rufe, man janareto ya zama abin nema. Wayar da ba ta kira ma mutane na bukatarta don fitila da sauraron karatu. A duk makarantar, batirin solar nan ne kaɗai ba ya mutuwa, kuma yana ɗakin kwamfuta, makullin ɗakin yana aljihun Abdulgaffar.

Wallahi gaisuwa ta juya. Da safe sai ka ga Malam Salmanu, wanda ya haifi kamarsa, ya doso teburinsa da murmushi.

“Malam Abdul, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya Inna da jiki? Ya ƙoƙari? Ya fama da jama'a? To madalla, madalla. Dama jarrabawar 'yan aji biyu ce nake son bugawa, in da hali a ɗan buɗe mani wurin Larabcin nan.”

Abdulgaffar zai amsa yana zaune, yana jujjuya biro. A tsawon gaisuwa yake auna izini. Wanda ya kai har tambayar jikin Inna, a buɗe masa har da firinta. Wanda ya tsaya a kan “ina kwana”, sai a ce masa batir ya yi ƙasa, ya dawo gobe. Ya sa Uwani ta ɗinka wa kwamfutar riga da ragowar atamfa. Ya sayo igiya ya rataya makullai a wuya, har da na akwatin da ya ɓace tun aurensu, don dai su riƙa ƙara in yana tafiya.

Aka kuma ba shi darasin kwamfuta a ajin ƙarshe, ya riƙa koyar da shi da alli. Zai zana akwati a allo ya ce wannan ita ce kwamfuta. Zai zana wani abu mai kama da ɓera da doguwar wutsiya ya ce wannan shi ne mawus, da shi ake tuƙa kibiyar da ke yawo a fuskar na'ura. Yara suka haddace ma'anar mawus da Turanci, ba tuntuɓe. Rahma ce ma ta fi kowa maki a wannan darasi. Ita kwamfutar tana can bayan bango sanye da atamfarta, ba ɗalibin da ya taɓa ɗora mata yatsa.

To ga inda gizo yake saƙar. Jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta ake rubuta ta, kuma a shekarar Rahma za ta zauna. Uwani ta sayar da akuyarta ta ƙarshe aka yi mata rajista. A gidan kowa ya san ba za a sake ba, domin gonar Zakka ta zama ta 'yan daji, albashi kuma ba ya kai tsakiyar wata. In ta ci, ta fita daga Batsari ta zama abin da take so. In ta faɗi, ga kaskon ƙuli nan yana jiranta.

A taron malamai Malama Zulaihat ta tayar da maganar, ita da ba ta iya kwana da magana a ciki ba.

“Malam Abdul, yaran nan na ajin ƙarshe da kwamfuta za su rubuta jarrabawa. Manhajar gwaji tana cikin na'urar nan, na gan ta da idona ranar da aka kawo ta. A buɗe masu mana, ko bayan an tashi ne, kowa ya taɓa ya ji yadda abin yake.”

Abdulgaffar ya gyara zama, makullai suka yi ƙara.

“Malama, kin san cutar kwamfuta da ake kira bairos? Hannun yara gumi ne da ƙasa da man ƙuli. Yau ki buɗe masu jarrabawa, gobe sun lalubo wasan kati, jibi sun zo da mimori cike da waƙoƙi. In ta lalace, wa zai bi hanyar Katsina ya kai ta gyara? Ke?”

“To har da ta gidanka ke nan? Ita ma ai ajin ƙarshe take.”

Ba a yi wa mutum maganar ɗan farinsa a bainar jama'a, kuma Zulaihat ta sani sarai, da gangan ta yi. Kunnuwan Abdulgaffar suka yi zafi. Da ya yi shiru da ya tsira, amma mutumin da ya ɗanɗani a gaishe shi yana zaune ba ya iya barin mace ta yi maganar ƙarshe.

“Doka ba ta san gidan kowa ba,” ya ce da ƙarfi. “In ma za a buɗe wa duniya, waccan ce ta ƙarshe.”

“Madalla da adalci,” in ji Malam Salmanu, wanda wayarsa ke jone a ɗakin kwamfuta a daidai lokacin. Malam Haliru ma ya gyaɗa kai, domin yana da takardun da yake son a buga masa kafin azahar. Aka rufe taro da addu'a.

Maganar ta riga shi isa gida. Rahma dama ba ta saba ce masa komai ba. Uwani ce ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

“Malam, akuyata na sayar. Ba ni da wata.”

“Na sani.”

“To ka sani, kuma ka tashi gaban mutane ka rantse ɗiyarka ce ta ƙarshe? Ƙarshen me? Layin rabon shinkafa ne?”

“Ba ki san aikin gwamnati ba, Uwani.”

“Ban sani ba kam. Amma na san wadda ba ta taɓa riƙe muciya ba, ba a kai ta gasar tuwo.”

Ya shige ɗaki. Gaskiya abin ya dame shi, ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi. Hanyoyi biyu ne a gabansa, kowace da ƙayarta. Ya buɗe wa ajin ƙarshe duka, to ya lashe amansa a gaban Zulaihat, kuma in yara suka fara shiga ɗakin nan suna fita, wane dattijo ne zai sake tsayawa yana tambayar jikin Inna? Ko kuma ya ɗauki yarinyar ran Asabar su je su biyu, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da 'yar farinsa, ya kama hannunta ya ɗora a kan mawus. Ko a ransa da ya hango hakan sai da ya kawar da kai. Ga shi 'yan gudun hijirar Runka sun cika azuzuwan baya, ba abin da ke wucewa a harabar makarantar ba su gani ba. Kafin Litinin labari ya gama gari: mai doka ya saci hanya ya kai tasa.

Sai dabara ta zo masa, irin wadda ke zo wa mutum in yana son ya taimaki wani ba tare da ya rasa komai ba. Ran Asabar bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa aka kawo masa faranti da sabulun wanki sabo. Rahma tana can gefen magudana tana wanke-wanke, ta ba su rabin baya.

“Uwani, zo ki zauna in koya maki kwamfuta.”

“Ni? Jarrabawar me zan rubuta, ta ƙuli?”

“Ke dai zauna.”

Ta zauna tana hararar sa. Ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su amfana.

“Wannan sabulun shi ne mawus. In kika kai shi dama, kibiya ta yi dama. In kika kai shi hagu, ta yi hagu. In ta hau kan amsar da kike so, sai ki danna nan da ɗan yatsa.”

Da farko a kan farantin yake jan sabulun, yadda ake yi. Sai ya saci kallo ya ga daga inda waccan take ba za ta hango ƙasa ba, kuma ba zai ce mata ta matso ba. Don haka ya ɗaga sabulun sama, sama da kansa, ya riƙa kai shi dama da hagu a cikin iska, yana maimaitawa, yana dannawa. Rahma ta rage ƙarar kwanuka. Ta wutsiyar ido take kallo, kuma yarinya ce da in ta ga abu sau ɗaya ya zauna.

Inna ta leƙo daga ɗakinta da carbi a hannu.

“Audu, wai mi ya same ka? Kana hira da sabulu ido na ganin ido?”

“Karatu ne, Inna.”

“In karatu ne, ga mai karatun can. Kai ka ɗauki ɗiyar ga ka tahi da ita ta taɓa abin da hannunta. Kunyar ɗan hwari mun yi ta tun ba a haihe ka ba, amma ba mu taɓa hana ma ɗa nono ba saboda ita.”

Ka ji fa. Tsohuwar da ake cewa don ita da irinta ake kiyaye al'adar, ita ce ta buɗe masa ƙofa da kanta. Da kunyar ce kaɗai ke riƙe da shi, da a ranar ya wuce. Amma ya tuna fuskar Zulaihat, ya tuna “madalla da adalci”, sai ya ce, “Inna, ba ki san doka ba.” Ya juya wajen matarsa.

“Uwani, an gane?”

Uwani ta dubi Rahma. Rahma ta gyaɗa wa tukunya kai. Abdulgaffar ya miƙe ya karkaɗe riga, ransa wasai, a wajensa ya sauke nauyi. Sabulun ma bai yi asara ba, da shi aka yi wanki washegari.

Ranar jarrabawa ta zo cikin zafin bazara. A Katsina aka tura su, kuma wa ya fi dacewa ya raka ɗalibai in ba malamin kwamfuta ba? Ya sa babbar rigarsa ya zauna gaban mota, yara a baya, aka bi hanya ana salati a kowace kwana. Suka isa lafiya. Aka shigar da ɗalibai wani dogon zaure mai sanyi, aka ce 'yan rakiya su jira a waje. Ya samu benci a gindin darbejiya ya zauna. Ta tagar zauren yana hango kwamfutoci jere reras, ba riga, ba mayafi, yara na ta taɓa su da hannuwansu masu gumi. Ya yi tsaki, ya ce a ransa waɗannan ba za su yi shekara ba.

Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ja carbi, ya ajiye, ya sake ɗauka. Duk addu'ar da ya yi wa waccan ce, ko da yake ko a gaban Ubangiji “yarinyar nan” ya ce.

Da aka gama, ana tantance ɗalibai kafin a sallame su, wani mutum mai katin aiki a wuya ya fito da buta ya zauna a ƙarshen bencin. Suka gaisa. Ya ce sunansa Malam Bashar, yana cikin masu sa ido a zauren. Abdulgaffar ya ji daɗi, ga abokin sana'a. Ya ce daga Batsari ya rako yara, yana shirin ƙarawa da cewa shi ma harkar kwamfuta yake, sai mutumin ya katse shi.

“Batsari? Kai, yau na ga abin tausayi daga garinku. Wata yarinya ce, tana can lungu, ginshiƙi ya kare ta. Ina zagayawa sai na ga ta ɗaga mawus sama tana kaɗa shi a iska, dama da hagu, tana dannawa. Kibiya ko motsi. Ashe tun da aka fara haka take yi. Ba ta ɗaga hannu ta yi tambaya ba, wai ita a ganinta tata na'urar ce ke da nauyi, in ta yi haƙuri za ta motsa. Kafin in lura an ci fiye da rabin lokaci.”

Abdulgaffar ya sunkuyar da kai, mutumin ya ci gaba.

“Na ce ta ajiye shi a kan tebur ta ja. Malam, nan take ta gane. Ka ga yadda yarinyar nan ke karanta tambaya tana danna amsa? Irin waɗanda ake nema ne. Amma na'ura ba ta san uzuri ba, lokaci na cika ta rufe. Ko rabi ba ta kai ba.” Ya zuba ruwa a hannu ya shafa a fuska. “Ba ta yi kuka ba, ni ne ma na kusa yi. Na ce, ke makarantarku babu kwamfuta ne? Ta ce akwai, amma a kulle take. Na ce wa ya kulle? Ta sunkuyar da kai ta ce, wani malami ne.”

Wata mai sayar da ruwan sanyi ta zo ta tsaya a gabansu, ba wanda ya kula ta, ta wuce.

“Wallahi da zan ga malamin nan,” in ji Malam Bashar, “tambaya ɗaya zan yi mashi: ajiyar wa yake yi? Kai da ka fito can, ka san shi?”

“Makarantu da yawa a Batsari,” Abdulgaffar ya ce. Muryarsa ta fito siririya. “Ba tamu ba ce.”

Ya sa hannu a hankali ya tura igiyar makullai cikin riga.

Aka buɗe ƙofar zaure, yara suka fito, wasu na dariya, wasu na gardamar amsa. Ɗalibansa suka doso bishiyar. Rahma ce a baya, hijabinta ya jiƙe da gumi a goshi, idonta a bushe. Ta zo gabansa ta durƙusa kamar yadda take yi kowace safiya tun tana ƙarama.

“Sannu da jira, Malam.”

“Af, ga ta nan ma!” Malam Bashar ya ce. Ya dubi yarinyar, ya dubi mutumin da ke gefensa, ya ga goshi iri ɗaya, hanci iri ɗaya. “Au, tare kuke? Ɗiyarka ce?”

An sha yi masa wannan tambayar, kuma kullum amsarsa a shirye take: 'yar gidanmu ce. Yau kam ya so ya ce e, tawa ce, ni na haife ta, ni ne kuma na yi mata wannan. Ya buɗe baki, amma bakin bai saba ba, ba abin da ya fito.

Rahma ta jira shi. Ta ba shi lokaci sosai, fiye da wanda aka ba ta a ciki. Da ta ga ba zai yi magana ba, sai ta amsa da ladabi, kanta a ƙasa.

“A'a, ranka ya daɗe. Malaminmu ne na kwamfuta.”

Ta miƙe ta nufi mota, ba ta jira a sallame ta ba.